Ɗan ƙwaron cikin randarmu da danginsa na tekun ƙanƙara

Ranar da aka sake buɗe makarantarmu bayan dogon rufewar da yaƙi ya jawo, na shiga ɗakin gwaje-gwaje na tarar babu komai sai teburi biyu da ƙura. Maikiroskof ɗaya tilo da muke taƙama da shi, wanda yara ke yin layi su leƙa, ya tafi tare da ƙofofi da tagogi. Darasin da ke gabana kuwa shi ne rabe-raben halittu, wato yadda masana ke kasa dabbobi gida-gida, dangi-dangi, har a sauko kan jinsi. Da na rasa abin nunawa, sai na ce gobe kowa ya zo da ruwa a kwalba daga inda gidansu ke ɗiba.

A lokacin famfon ƙauyenmu, nan gabas da Bahar Azrak kusa da Rufa'a, bai dawo aiki ba. Wasu gidajen daga mai karo suke saye, shi kuma daga tur'a yake cika ganga. Wasu daga bahar kai tsaye, kaɗan daga hafir. Muka jera kwalaben a bakin taga, rana ta haske su. Ba a jima ba wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Ustaz, akwai abu mai rai a namu. Ga shi can yana tsalle."

Gaskiyarta. Wasu ɗige-ɗige ne farare, ba su kai kan allura ba, suna tafiya da fizga: su yi gaba, su tsaya, su sake fizga. Na ciro ɗan gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, na ɗora a bakin kyamarar wayata. Sai ga shi a fili: jiki kamar ɗigon hawaye, ƙaho biyu dogaye, ido ɗaya ja a tsakiyar goshi, jela mai reshe biyu. Wata a cikinsu tana jan jakunkuna biyu na ƙwai a gefe da gefe, kamar jaki da mangala.

"Mene ne sunansa?" in ji yarinyar.

Na ce Cyclops, don haka aka koya mana a kwalejin horon malamai. Ta ce, "Ai jiya ka ce kowace halitta sunanta biyu ne, na gida da na kanta. Ina na biyun?" Nan na yi shiru. Wannan tambaya ce ta sa na shafe makonni ina bin duk inda intanet ke kamawa ina karatu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ni kaɗai na kasa amsa ta ba. Manyan masana na Turai masu jiragen ruwa da na'urori sun daɗe suna kiran irin waɗannan halittu da sunan da ba nasu ba. Inda kuskuren ya fi fitowa sarari kuwa wuri ne mai nisan gaske da mu, cikin tekunan da ƙanƙara ke rufewa.

Ɗan ƙwaron nan ma ba ƙwaro ba ne. Dangin ƙaguwa ne da jatan lande, masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi. Ma'aikatan lafiya kan ce masa ƙuman ruwa, masana kuma suna kiran gidansu baki ɗaya kofifod. Jinsunan da aka yi wa suna a wannan gida sun haura dubu goma. Wasu na ruwan daɗi ne kamar namu, amma mafi yawa a teku suke, kuma yawansu a can ya kai a ce suna cikin dabbobin da suka fi kowa yawa a doron ƙasa.

Wanda ya fi shahara a cikinsu yana tekun Atilantika ta arewa. A 1770 wani babban limamin coci a ƙasar Norwe, Johan Ernst Gunnerus, ya bayyana shi, yau ana kiransa Calanus finmarchicus. Da ƙyar ya kai ƙwayar shinkafa. Da bazarar can, idan rana ta dawo ƙananan tsirrai masu yawo suka cika saman teku, sai ya ci ya ƙoshi ya tara mai a wata 'yar jaka a cikinsa. Idan sanyi ya ƙarato ya nutse zurfin da ya wuce mita 500, wani wurin fiye da 1,000, ya kwanta watanni ba ci, yana rayuwa da wannan man. Kamar dai manomin da ya cika rumbu ya rufe ƙofa. Kifayen da arzikin Norwe da Aisilan ya dogara a kansu, irin su herin da makarel da 'ya'yan kod, da shi suke girma. Har manyan dabbobin teku da Larabawa ke kira hut, akwai masu rayuwa da tace shi daga ruwa.

Kusan shekara ɗari biyu ana ɗaukar na arewa mai nisa da na kudu da shi duk abu ɗaya ne. Sai a 1955 wani masani ɗan Rasha mai suna Jaschnov ya ce a'a, na yankin ƙanƙara jinsi ne dabam, ya sa masa suna Calanus glacialis. Ya fi girma, ya fi mai. Amma bambancin da ke jikinsu ƙanƙane ne ƙwarai, yana can a lanƙwasar wasu haƙora da ke gindin ƙafa ta biyar, sai an fede dabbar da allura a ƙarƙashin maikiroskof. Wanda ya jawo koma ɗaya da dubban halittu a ciki ba shi da wannan lokacin. Sai aka koma ga hanya mai sauƙi: a auna tsawo. Wanda ya haura wani ma'auni a rubuta glacialis, wanda bai kai ba a rubuta finmarchicus. Da wannan awo aka cika littattafai, aka zana taswirori, shekara da shekaru.

Kafin in faɗi yadda asiri ya tonu, bari in bayyana abin da ake kira DNA yadda na bayyana wa 'yan ajina, don a nan ne mutane kan gaji su daina karantawa.

Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka biyo hanyar hajji kafin nan da bayan nan, sun zo da littattafai a gafaka: Ahalari, Ishmawi, Risala, duk rubutun hannu. Kowane ɗalibi daga na malaminsa yake kwafa. Idan wani mai kwafa ya tsallake harafi ko ya sauya ɗigo, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan sauyin, shi ma ya ƙara nasa. Malamin da ya san aikinsa, in ka ajiye masa kwafi goma, zai iya ce maka waɗannan uku daga tushe ɗaya suka fito, wancan kuwa ya daɗe da rabuwa da su. To a cikin kowace ƙwayar jikin mai rai akwai wani dogon rubutu da haruffa huɗu kacal, ana kwafarsa daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma jefi-jefi harafi kan sauya. Halittun da ke aure da juna rubutunsu yana ta cakuɗuwa, ya zauna kusa da juna. Waɗanda suka daina haɗuwa tun zamani mai tsawo kowa ya tara nasa sauye-sauyen. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani yanki guda mai haruffa kimanin 650 a kowace dabba, ya zama kamar lambar da ke jikin kayan kanti. Ba ko'ina yankin nan ke wadatarwa ba, a kan haɗa da wasu wuraren, amma tun daga nan ɗan guntun ƙafa ya isa a tambayi dabba ko ita wace ce.

Da aka yi wa Calanus wannan tambaya, ma'auni ya sha kunya. A 2017 Marvin Choquet da abokan aikinsa a Jami'ar Nord da ke garin Bodo suka fitar da sakamakon karanta DNA na samfura daga sassa da yawa na arewacin Atilantika da tekun Aktik. Suka tarar glacialis, wanda ake ce wa ɗan ƙanƙara, yana zaune daram a lungunan teku masu zurfi da suka kutsa tsakanin duwatsun Norwe, can kudu da inda taswira ta ajiye shi. Ba sabon zuwa ba ne. Jikinsa ne a can bai kai girman na Aktik ba, shi ya sa duk wanda ya auna shi ya rubuta shi a layin ɗan'uwansa. Wani jinsin na uku mai son ɗumi, Calanus helgolandicus, shi kuma aka same shi can arewa fiye da yadda ake zato.

Mai karatu zai ce to sai me? Suna dai ai ba ya hana kifi cin abinci. Matsalar ita ce da waɗannan halittu ake auna ɗumamar teku. Idan aka ce glacialis yana ja da baya finmarchicus yana matsowa, ana nufin ruwan ɗumi na cin yankin ƙanƙara, kuma tsuntsaye da kifayen da suka saba da abinci mai maiƙo za su koma cin marar maiƙo. Akwai wani ɗan tsuntsun teku baƙi da fari a tsibiran Svalbard da ke ciyar da 'ya'yansa da glacialis, ana lura da shi saboda wannan dalili. To idan ƙidayar tun farko da awon tsawo aka yi ta, wani abin da aka ɗauka sauyin jinsi ne yana iya zama sauyin girman jiki kawai. Dole aka koma ana sake duba tsoffin alƙaluma. Kuma kada a ɗauka DNA ba ta tuntuɓe. A 2012 wasu masana sun ba da rahoton cewa jinsunan biyu suna barbara da juna a tekun Kanada. Bayan 'yan shekaru aka sake bincike da alamomi masu yawa kuma mafi inganci, ba a ga shaidar hakan ba. Wannan ya burge ni fiye da komai a labarin: sabuwar na'ura ta gyara tsohon kuskure, ta yi nata, aka sake gyara ta.

Da na kai nan a aji, wani yaro mai baki ya ce, "Ustaz, kamar mu ke nan. Kowa Fallata ake ce masa." Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Ai kuwa duk wanda ya girma a Jazira ya san wannan: Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a zuba su a kwando ɗaya, ko a ce Takarir a wuce, alhali kowa da harshensa da tarihin zuwansa. Na ce masa ta fuskar mai kallo daga nesa, misalinka ya zauna. Amma na ja masa kunne kada ya kai shi inda bai kai ba. 'Yan Adam duk jinsi ɗaya ne, daga Adamu da Hauwa'u, kuma masu karanta DNA ma abin da suka tarar ke nan: bambancin da ke tsakanin mutanen duniya bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na wasu ƙananan halittun nan da ido ke gani iri ɗaya.

A can ƙarshen kudu, tekun da ya kewaye Antatika, labarin ya rabu biyu, kuma rabuwar tana koyar da abu.

A ƙasan tekun akwai wasu dangin jatan lande masu lanƙwasasshen baya da ake kira amfifod. Da yawa masu ƙaya ne da launi ja ko ruwan hoda, kamar an sassaƙa su. Uwa ba ta sakin ƙwanta ruwa ya tafi da shi. A wata jaka a ƙirjinta take riƙe su har su ƙyanƙyashe, su sauka nan kusa da ita. Ɗa yana rayuwa inda uwarsa ta rayu. Masana na bayanin cewa a zamunnan da ƙanƙara ta yi ta faɗaɗa tana kankare ƙasan teku, 'yan tsirarun da suka tsira sun maƙale a wurare dabam-dabam, kowane rukuni shi kaɗai na dubban shekaru, har suka zama ba sa haɗuwa ko da hanya ta buɗe. Sakamakon shi ne abin da aka daɗe ana kira jinsi ɗaya mai kewaye nahiyar, in an karanta DNA sai a tarar taron jinsuna ne masu kama da juna. A 2017 masana biyu daga cibiyar kimiyyar halittu ta Beljiyam, Cédric d'Udekem d'Acoz da Marie Verheye, suka fitar da littafi mai shafi sama da 500 da ya bayyana sabbin jinsuna 28, kusan duka a gidan Epimeria. Ba DNA kaɗai suka dogara da ita ba. Ita ta nuna musu inda za su duba, sannan suka koma da ido suka ga ashe ƙayar wannan ta fi ta wancan tsawo, lanƙwasar wannan ba irin ta wancan ba ce.

A saman wannan tekun kuwa akwai kiril, Euphausia superba, mai tsawon ɗan yatsa, wanda ake ƙiyasta nauyinsa gaba ɗaya da tan miliyan 300 zuwa 500. Shi ne tuwon hut da tsuntsun fengwin. Mutum zai zaci halittar da ta bazu a faɗin teku haka ta kasu ƙabila-ƙabila. A 2023 aka kammala karanta rubutun gadonsa, haruffa kusan biliyan 48, na ɗan Adam kuwa biliyan uku ne da ɗoriya. Da aka gwada samfura daga ɓangarori masu nisa da juna, sai aka ga bambancinsu kaɗan ne ƙwarai. Igiyar ruwa mai ƙarfi da ke zagaye Antatika tana kwasar su tana gauraya su, ga yawan da ya wuce misali. Mai zama wuri ɗaya ya rarrabu, mai yawo ya zauna dangi ɗaya. Ga masu kayyade yawan kiril da jiragen kamun kifi za su ɗiba, da masu shata wuraren da za a hana taɓawa a ƙasan teku, wannan ba ƙaramin bayani ba ne: inda kowane lungu ke da jinsin da babu shi a wani wuri, ɓarnar lungu ɗaya ta isa ta shafe jinsi.

Yanzu mu dawo kwalbar da ke bakin tagarmu, don irin wannan kuskure an yi shi a kan ruwanmu ma.

Akwai wani kofifod na ruwan daɗi da aka bayyana a Jamus a 1857, yau sunansa Mesocyclops leuckarti. Fiye da shekara ɗari, duk inda masani ya jefa koma a tafkunan Afirka ko Indiya ya ga mai kama da shi, sai ya rubuta wannan suna. Aka ce ai ɗan duniya ne, babu inda ba ya zama. Sai Friedrich Kiefer a 1981, da Isabella Van de Velde ta Jami'ar Ghent a 1984, suka zauna suka bi samfuran Afirka ɗaya bayan ɗaya, suna duba ƙananan gashi da ƙayoyin da ke ƙafafu. Ba su ma yi amfani da DNA ba, haƙuri ne da ido. Suka tabbatar leuckarti na gaskiya babu shi a Afirka sam, na Turai ne da arewacin Asiya. Abin da ke ruwanmu jinsuna ne da dama, kowanne da halinsa. Ɗaya daga cikinsu, Mesocyclops ogunnus, wani masani ɗan Najeriya, Sanya Onabamiro, ya riga ya sa masa suna tun 1957.

Abin da ya kai Onabamiro ga waɗannan halittu shi ne kurkunu. Da na nuna wa kakar yarinyar nan hoton a waya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan ɗan abin ne ke kwantar da ƙato?" Na ce shi ne, Inna. Ta ce a ƙuruciyarta ta ga mutanen da suka iso daga yamma da tsutsar a ƙafa, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum ya yi wata biyu bai taka gona ba. Yadda abin yake: mai kurkunu ya tsoma ƙafarsa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zubar da dubban 'ya'ya, ƙuman ruwa ya haɗiye su, su yi kamar mako biyu a cikinsa. Wani ya sha ruwan. Bayan kimanin shekara tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta ɓullo. Wani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, ya gano wannan zagaye wajajen 1870. Babu allurar rigakafi, babu maganin sha. Da mataci da wayar da kai da maganin kashe ƙuman a tafki aka yaƙe ta, daga mutum kimanin miliyan 3.5 a 1986 zuwa 14 a duk duniya a 2023. A 1995 har tsagaita wuta aka yi a yaƙin kudancin Sudan, da sa bakin Jimmy Carter, don ma'aikatan kurkunu su shiga ƙauyuka. Najeriya da Nijar sun karɓi takardar shaidar rabuwa da ita a 2013. Amma a Chadi, maƙwabciyarmu, ta ɓulla a jikin karnuka, kuma wannan ya sa ba a nannaɗe tabarma ba tukuna.

To ba kowane ƙuman ruwa ke ɗaukar tsutsar daidai da wani ba. Wani in ya haɗiye ta mutuwa yake yi, wani ya rayu da ita har ta nuna. Tsoffin rahotannin da suka ce leuckarti ne ke yaɗa kurkunu a Afirka suna magana ne a kan wasu jinsunan da ba a tantance ba, sai an koma an sake bi.

Ga kuma ɗaya fuskar. Manyan Mesocyclops mafarauta ne, suna cin sabbin 'ya'yan sauro. A arewacin Biyetnam, a shekarun 1990, an zuba su a tankuna da randunan ruwa na ƙauyen Phan Boi, tare da kwashe gwangwanaye da tarkacen da ke tara ruwa, har sauron da ke kawo zazzaɓin dengi ya ɓace a ƙauyen. Duk wanda ya ga yadda dengi ta kwantar da gidaje a Sudan cikin 'yan shekarun nan, kuma ya san kowane gida da gangunan ajiyar ruwa, dole wannan labari ya tsaya masa a rai. Sai dai wasu jinsunan ne gwanayen wannan farauta, wasu ba su damu da sauro ba. Kuma masana lafiya sun yi gargaɗi kada a yi wannan dabara inda kurkunu ke yawo. Ka ga halitta guda, a wannan randa magani, a waccan cuta, kuma abin da zai raba maka su shi ne sunan nan na biyu da yarinya ta tambaye ni.

Akwai na uku, wanda ya fi kusa da mu a yau. Ƙwayar cutar kwalara tana manne wa jikin kofifod. Rita Colwell da abokan aikinta suka gwada abu mai sauƙi a ƙauyuka 65 na Bangaladash: mata su ninka tsohon zanen auduga sau huɗu su tace ruwa da shi. Sakamakon da suka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi. Tsohon zane ya fi sabo, don wanki ya tausasa zarensa, ramukan saƙar suka ƙanƙance. Mu da annobar kwalara ta ratsa tun 2024, muna kuma da tsofaffin tob a kowane ɗaki, ya kamata mu san wannan. Ba ya maye gurbin tafasawa ko kulorin, ina nanata wa yara haka, amma ranar da babu gawayi babu ƙwayar magani, rabi ya fi babu.

Ba a ce ba a taɓa nazarin ruwanmu ba. A shekarun 1950 an kafa sashen binciken halittun ruwa a Jami'ar Khartum, inda Julian Rzóska ɗan ƙasar Folan da Jack Talling suka bi Nilu suna ƙirga waɗannan ƙananan halittu. Sun nuna yadda jan ruwan damina mai laka ke share su daga Bahar Azrak, sannan idan ruwa ya kwanta a bayan madatsar Sinnar ya washe, su dawo su yi yawa. Wannan kogin da suka auna ba shi ne na yau ba. An gina madatsar Rusairis a 1966, Habasha kuma ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, kuma madatsa laka take riƙewa. Ruwan da ya fi washewa, ya fi daidaita tsawon shekara, wata rayuwa yake raya wa. A ganina wannan aiki ne da ke jiran 'ya'yanmu, kuma ba sai da jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara ba. Karanta lambar DNA sai a ɗakin bincike, amma tattara samfuri aikin kowa ne: ƙyalle mai laushi, 'yar kwalba, sifirit mai ƙarfi irin na asibiti, da takarda mai ɗauke da wuri da kwanan wata. Samfurin da ba a rubuta inda aka ɗebo shi ba, ko a Norwe shara ne.

Mun fara namu. Kowace Lahadi yara uku ke zuwa da ruwa, ɗaya daga tur'a, ɗaya daga bahar, ɗaya daga hafir. Muna tacewa da guntun tsohon tob, mu juye abin da ya rage a faranti, mu ƙirga, mu zana a littafi. Sifirit ɗin wani ma'aikacin jinya ne ke ɗan sam mana. Kwalabe goma sha ɗaya ke cikin kwali a ƙarƙashin gadona yanzu, kowace da takardarta da fensir, don tawada narkewa take.

Makon jiya muka gwada farautar. Muka zuba manyan ƙuma biyar na hafir a kofi ɗaya, biyar na tur'a a wani, kowane kofi da sabbin 'ya'yan sauro goma da muka kwaso daga wata tsohuwar taya. Da safe na hafir saura biyu, na tur'a saura tara. Na gaya musu gwaji ɗaya ba hujja ba ne, sai mun maimaita sau da yawa. Yarinyar nan dai ta riga ta buɗe littafi. A ƙarƙashin zanen na hafir ta rubuta Cyclops, ta bar fili a gabansa, ta ja layi.